Jirgin Manya a Sama, Makarantarsa a Ƙasa

A watan Satumba na 2014 gwamnatin Nijar ta tabbatar wa jama'a cewa ta sayo wa shugaban ƙasa jirgi, Boeing 737-700 irin wanda kamfanin ke gyarawa musamman don shugabanni da attajirai, aka raɗa masa suna Mont Greboun. Kuɗin da aka faɗa miliyar 20 ne na sefa, wajen dala miliyan 40 a lokacin. Shi ya gaji tsohon Boeing ɗin da ake hawa tun zamanin Seyni Kountché. An sha cacar baki. Ƴan adawa suka ce ƙasar da talakanta ke kwana da yunwa ba ta da hurumin irin wannan sayayya, gwamnati ta ce tsohon jirgin ya tsufa, kuma mutuncin ƙasa ne. Kowa a kan farashi ya tsaya. Ni tambayar da ta dame ni daban ce, kuma har yau ban ji an zauna an amsa ta ba: mutum biyun nan da ke zaune a gaban jirgin, a ina ake horar da su, wa ke biyan kuɗin, kuma ɗan wa ke da hanyar kaiwa wannan kujera?

Ma'aunina a wannan magana Kelle ce, can ƙasar Kutus, arewa da Gure a jihar Damagaram. Gari ne na gero da wake da kiwo a gindin duwatsu. Yaron da ya tashi a can yakan ga jirgi, amma sai dai farin layin da yake bari a sararin sama. Filin jirgi mai hasumiya mafi kusa da shi na Damagaram ne, tafiyar wajen kilomita 200. In aikin tuƙin jirgi zai iya isa ga ɗan Kelle, to zai isa ga kowa a ƙasar nan. In kuwa ba zai isa ba, sana'a ce ta ƴaƴan Yamai da waɗanda iyayensu ke da halin tura su Faransa ko Maroko ko Afirka ta Kudu, gara mu faɗi haka mu huta.

Abin da na kafe a kai shi ne, mafi yawan abin da ke mai da mutum matuƙin jirgin alfarma a ƙasa ake koyonsa, cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgi, wadda masu sana'ar ke kira simileta. Wani sashe na wannan karatu ya yi araha yanzu har kwamfuta ɗaya da farantin sola za su ɗauke shi. Sauran sashen yana da tsadar da sai gwamnati, kuma a nan ne muke zuba kuɗin waje shekara da shekaru ba mu taɓa tsayawa mun yi lissafi ba.

Mutane da yawa na zaton wuyar tuƙin jirgi a hannu take, wato juya sitiyari dama da hagu. Wanda ya taɓa zama gaban simileta na jirgi irin Challenger 650 na kamfanin Bombardier ya san rabin awa kan wuce kafin taya ta motsa. Za ka tarar da jirgin a kashe, ɗakin tuƙi duhu. Sai ka kunna batir, ka gwada na'urar gano gobara, ka tada ƙaramin injin da ke wutsiya wanda ke ba da wuta da iskar da za a tada manyan injuna da ita. Akwai na'urar da ke gane inda jirgi yake a doron ƙasa, ita kuma tana bukatar ƴan mintuna jirgin na tsaye cak kafin ta daidaita. Sannan ka koma kan kwamfutar tafiya ka shigar da hanya tasha bayan tasha, da nauyin fasinja da kaya, da yawan mai, da filin da za ka karkata zuwa gare shi in wanda ka nufa ya rufe. Kowane maɓalli na da lokacinsa, in ka riga shi ko ka tsallake shi, jirgin zai gaya maka daga baya, wani lokaci a inda ba gyara.

Daga cikin lissafin nan lambobi uku ke fitowa, su ne matuƙi ke riƙewa a ka kafin ya hau titi. Ta farko, wadda suke kira V1, ita ce gudun da in jirgi ya kai shi, tsayawa ta ƙare, ko inji ya mutu sai an tashi. Ta biyu gudun ɗaga hanci, ta uku gudun da jirgi zai iya hawa lafiya da inji ɗaya. Waɗannan lambobi ba su tsaya wuri guda ba, nauyi na canza su, tsawon titi na canza su, zafi ma haka. A nan ƙasarmu ke shigowa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Damagaram ke kaiwa digiri 40 ko fiye, iska kan yi sako-sako, fikafikai su rage kamu, injuna su rage ƙarfi. Jirgin da ya tashi cike da mai da asuba, da azahar a kan titi ɗaya sai an rage masa kaya. Kuma a gudun da ya haura kilomita 200 a awa, kowace daƙiƙa ta shakka tana cinye mita 60 na kwalta.

Kanawa sun ga abin da wannan lissafi ke nufi. Ran 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya cinye titin filin Malam Aminu Kano bai ɗaga ba, ya shiga ƙasa ya tada ƙura, injunansa suka shaƙa, ya ɗan tashi da kyar sannan ya faɗa kan gidajen Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Zafin ranar da tsayin filin Kano na cikin abubuwan da masu bincike suka ambata.

To yaya za a koya wa mutum abin da zai yi in inji ya mutu daidai lokacin tashi? A da, da jirgi na gaske ake yi. Malami ya rage wa inji wuta da gangan, ɗalibi ya yi kokawa da jirgin. Wannan hanya ta ci rayuka. A watan Maris 1967 wani DC-8 na kamfanin Delta da ke atisayen mutuwar inji a New Orleans ta Amurka ya kuɓuce wa matuƙansa ya faɗa kan gidaje da masauki, mutum 19 suka mutu, ba fasinja ko ɗaya a cikinsa. Irin wannan asara ce ta tura mafi yawan atisayen haɗari zuwa cikin simileta.

Ita kanta na'urar ta girmi ƴancin kanmu. Edwin Link, ɗan garin Binghamton a jihar New York, mahaifinsa na da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska. Ya kwashi zugazugan da ake sa wa kayan, ya ɗora ƙaramin akwati a kansu mai karkata dama da hagu, ya gama shi a 1929. Da farko masu wuraren wasa ne suka fi saye. Sai a 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, cikin ƴan makonni matuƙa fiye da goma suka mutu, galibi don ba su saba tafiya cikin dare da gajimare da agogunan jirgi kaɗai ba. Rundunar ta sayi akwatunan Link guda shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, matuƙa wajen rabin miliyan sun bi ta cikinsu.

Wanda ya yi makarantar allo ba sai an yi masa dogon bayani ba. A allo kake rubutu, malam ya duba, ka yi kure, a wanke, ka sake, har hannunka ya faɗa kafin a ba ka takarda. A simileta za a kashe maka inji sau ashirin a yini, a cinna maka gobara, a ɗauke maka wuta, ka faɗi ka tashi ka sha shayi. Mafi girman irinta, wadda ake kira mataki na D, ɗakin tuƙi ne sak na jirgin, an ɗora shi kan ƙafafu shida masu miƙewa da lanƙwasa, da majigi da ya kewaye tagogi. Kamanninta ya kai hukumomi kan yarda ƙwararren matuƙi ya gama koyon sabon jirgi a cikinta, tashinsa na farko a jirgin gaske ya zama da fasinja a baya, malami na gefensa. Guda ɗaya kan haura dala miliyan 10.

Ga kuma inda kuɗi ke zurarewa. Lasisin tuƙi shi kaɗai ba ya ba ka damar hawa kowane jirgi. Kowane samfuri da tasa shaidar. Wanda ya iya Challenger ba zai taɓa Falcon ko Gulfstream ba sai ya koma aji na makonni. Bayan ya samu ma ba a ƙyale shi ba, matuƙin haya kan koma simileta a jarraba shi sau biyu a shekara har ya yi ritaya. Manyan masu wannan kasuwa kamfanin CAE ne na Kanada da FlightSafety na Amurka, cibiyoyinsu na Dubai, Faris, Ingila, Dallas. Duk jirgin alfarmar da ka gani a filin Yamai ko Kano ko Abuja, a bayansa akwai tikiti da biza da otal da kuɗin haya na awa-awa da ake biya da dala ko yuro, yau da gobe, muddin jirgin na tashi. Ranar saye ake ganin farashi, wannan kuwa ba ya fitowa a labarai.

Kada wani ya ce ai da ma ko ina aka je aka yi, horo horo ne. Ran 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC samfurin Boeing 737-200 ya tashi daga Abuja zai je Sakkwato da mutum 105. Hadari na haɗuwa a kan filin. Da ɗagawarsa ya shiga wurin da iska ke juyawa farat ɗaya, ta gaba ta koma ta baya, fikafikai suka saki, ya faɗo. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Hukumar binciken haɗurra ta Najeriya ta ɗora laifin kan shawarar tashi cikin wannan yanayi da kasa bin matakan kuɓuta daga juyin iska. Amma cikin dalilan da suka taimaka ta rubuta wani abu da ya kamata kowane ministan sufuri ya haddace: na'urar da aka yi wa matuƙan atisayen juyin iska da ita ba wadda ta dace ba ce. An tura su, an biya, an buga hatimi a takarda. Ranar da aka bukaci abin, hannu bai san shi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sai dai a nan an fafe, ba wanda za a tafi da shi aka fafe ba.

Yanayinmu kuma na da nasa jarrabawar. Ƙurar hunturu da ke rufe Kano da Katsina da Maraɗi, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, kuma gabashin Nijar, ƙasar Gure da Kelle, na kan hanyarta. Ranar da hazo ya yi kauri mutum ba ya hango ƙarshen gonarsa, balle matuƙi ya hango titi daga nesa. Sauka a irin wannan rana aikin agoguna ne. Ana saukowa har wani tsayi da aka ƙayyade tun kafin a fara, in an kai shi ba a ga fitilun titi ba, dole a ƙara wuta a koma sama. Wannan komawa ita ce abin da zuciya ba ta so, musamman in mai ya ja baya kuma fasinja sun gaji. Da damina kuma ga hadarin yamma mai tasowa daga gabas da bangon ƙura a gabansa. Malamin da ya yi shekaru yana sauka Damagaram da Agadas da Diffa ya san waɗannan ranaku da idonsa, kuma shi ya fi cancanta ya zauna bayan ɗalibi ya tsara masa su a na'ura. Malamin Dallas a littafi ya karanta su.

Sai dai ni a ganina babban abin da simileta ke koyarwa hali ne. Ran 31 ga Mayu 2014 wani Gulfstream IV ya taso kan titin filin Bedford kusa da Boston, da wani attajiri mai jarida, Lewis Katz, da baƙinsa. Matuƙan ƙwararru ne, sun shekara suna aiki tare. Sun manta ba su cire makullin da ke riƙe sassan sarrafa jirgi lokacin da yake ajiye ba. Jirgin ya ƙi ɗaga hanci, ya wuce titi ya kama wuta, mutum bakwai suka mutu. Da aka duba bayanan da jirgin ke ajiyewa sai aka ga cewa a tashi 175 da suka gabata, kusan duka ba su yi cikakken gwajin sitiyari da ƙa'ida ta ce a yi kafin tashi ba. Gwajin da ba ya cin minti ɗaya. Ba jahilci ya kashe su ba, sabo ne. Takardar dubawa da matuƙa ke karantawa layi-layi, ɗaya na faɗa ɗaya na amsawa, an ƙirƙiro ta ne bayan irin wannan mantuwa ta makulli ta kada sabon jirgin Boeing a 1935, kuma ga shi bayan shekara 79 ta sake cin mutane. Yaron da ya saba tun yana ɗan goma sha biyar ba ya tada inji sai ya bi takarda, ya samu abin da waɗancan dattawa suka zubar.

Akwai wani halin da ya fi wannan wuya a wajenmu, kuma zan faɗe shi ko da zai yi ɗaci. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya katse babba. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin tuƙi tana kisa, kuma ba mu kaɗai ta taɓa ba. Ran 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife, cikin hazo, kyaftin ɗin wani Boeing 747 na KLM ya saki birki bai samu cikakken izinin hasumiya ba, alhali wani 747 na Pan Am na kan titin. Mutum 583 suka mutu, haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama. Kyaftin ɗin shi ne shugaban masu horarwa na kamfanin a kan wannan jirgi, mutumin da ke jarraba wasu a simileta. Injiniyan da ke bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya fita, ya amsa masa da ƙarfin gwiwa, ba wanda ya sake magana. Daga irin wannan ne aka fara koyar da matuƙa yadda za su yi aiki tare, har ya zama a yau mai jarrabawa na kallon ko ƙaramin matuƙi zai buɗe baki in babba ya kauce, kuma ko babban zai saurara. Shiru na iya kada mutum jarrabawa. Ɗan Kelle da aka koya wa sunkuyar da kai gaban na gaba sai ya koyi cewa “Kyaftin, mu koma sama” da murya a fili, kuma wurin da zai koyi haka ba tare da an rasa rai ba shi ne cikin akwatin nan.

A jirgin alfarma abin ya ninka, domin mai gida na zaune bayan ƙofa. Shi ya sayi jirgin, shi ke biyan albashi, ana jiransa wurin ɗaurin aure ko taron shugabanni. Jirgin haya na da kamfani da ƙa'idojin da matuƙi zai fake da su. A nan kuwa fuska da fuska ne. “Ranka ya daɗe, yau ba za mu sauka ba, sai dai mu wuce Kano.” Matuƙin da ba zai iya furta wannan ba bai gama koyo ba, ko awa nawa ke cikin littafinsa.

Mu dawo kan sashen mai araha. Microsoft Flight Simulator ya fara fitowa a 1982. Wanda aka fitar a 2020 ya zana duniya gaba ɗaya daga hotunan tauraron ɗan adam, mutum na iya tashi daga Damagaram ya bi hanyar Gure ya hango duwatsun Kutus, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu, abin da ƙauyukanmu ba su da shi. X-Plane bai kai shi cin intanet ba, kuma a kansa ne wani ƙaramin kamfani mai suna Hot Start ya fitar da Challenger 650 a 2022, wanda aka kwaikwayi wutarsa da mansa da iskarsa dalla-dalla har sai mutum ya karanta littafin jirgin kafin ya iya tada shi. FlightGear kuwa kyauta ne, in an sauke shi sau ɗaya ba ya bukatar layi. Akwai ma dandalin VATSIM inda ƴan sa kai ke zama masu hasumiya suna ba matuƙan kwamfuta umarni da irin kalmomin da ake amfani da su a sama. Kwamfuta mai kyau da sandar tuƙi da abin takawa ba su kai miliyan ɗaya na sefa ba.

Kada a ruɗi yara. Awa dubu a gaban kwamfutar gida ba ta shiga littafin matuƙi ko minti ɗaya. Lasisin haya na bukatar wajen awa 200 na horon da hukuma ta amince da shi, na kyaftin ɗin babban jirgi awa 1,500, ga gwajin lafiya mai tsanani na ido da kunne da zuciya. Kujerar ɗaki ba ta koya wa jiki yadda kunnen ciki ke yaudarar mutum a gajimare, ya rantse jirgi a miƙe yake alhali ya karkata. Ba ta koyar da tsoro. Ba ta nuna maka cewa a ƙafa 40,000, in iskar cikin jirgi ta fice, daƙiƙa 15 zuwa 20 gare ka ka sa abin shaƙa kafin hankalinka ya gushe. Malaman tuƙi ma na kukan cewa ɗaliban da suka taso da kwamfuta kan manne ido a agoguna su manta da leƙa waje. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya zo makaranta ya riga ya san ma'anar kowane agogo, ya iya karanta taswirar sauka, ya saba da muryar hasumiya, ba zai ɓata awannin da ake biya da tsada yana koyon abin da zai iya koya a ƙasa ba.

Na san abin da mai karatu na Kelle zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Muna neman rijiya, muna neman malamin da zai zauna har ƙarshen shekara, yaranmu na karatu cikin azuzuwan zana, kai kana maganar jirgin attajirai? Ba mu manta gobarar da ta cinye yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021 ba. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan. In aka ce in zaɓa tsakanin aji na bulo da kwamfuta, aji zan zaɓa ban yi shawara da kowa ba. Sai dai zaɓin ba haka yake ba, domin kuɗin da ake magana bai kai na mota guda a jerin gwanon wani babba ba. Kuma amfanin bai tsaya ga tuƙi ba. Yaron da ke ƙin lissafi saboda bai ga inda za shi da shi ba, ka sa shi ya ƙididdige man da zai kai shi Agadas da iska na bugunsa ta gefe, in ya yi kure injinsa ya mutu a kan Tanut. Ranar zai nemi malamin lissafi da ƙafarsa. Cikin ɗari wataƙila ɗaya ne zai zama matuƙi. Sauran za su ci jarrabawar bak ta kimiyya, wanda shi ne muke ƙaranci.

Harshe ma na ciki. Tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya na zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu a Ingilishi. Kundin da aka kafa a Nijar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. To ga wurin da Ingilishin zai yi aiki na gaske. A yi wa yaro bayanin yadda fiffike ke ɗaukar jirgi da Hausa ko Barbarci har ya gane, sannan ya koyi kalmomin rediyo da Ingilishi yana amfani da su, ya fi haddar nahawu a allon bango.

Ba daga sifiri za mu fara ba. A Yamai akwai EAMAC tun 1963, makarantar ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama, inda ake horar da masu hasumiya da masana yanayi da injiniyoyin na'urori na ƙasashen Afirka da dama. Ɗaliban Senegal da Kamaru da Madagaska na zuwa ƙasarmu su koyi yadda ake tafiyar da sararin sama. Matuƙa ne ba ta horarwa. Rundunar sojin sama kuwa ta nuna cewa ƙofa na buɗuwa in an so: Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar a 2015, ta fara da Cessna 208, daga baya ta koyi C-130 a Amurka. Amma lura da ƙarshen zancen, a Amurka. Tun rushewar Air Afrique a 2002, hanyar da ɗan talaka farar hula zai bi gwamnati ko kamfani su ɗauki nauyinsa ta ƙuntata ƙwarai.

Ga kuma Zariya. Kwalejin koyon aikin jiragen sama da ke can, NCAT, an kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO, ta yaye matuƙa da injiniyoyi masu yawa, kuma ta mallaki babbar simileta ta Boeing 737 na zuriyar NG, zuriyar da Mont Greboun ya fito daga ciki. Daga Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 240 ne, daga Kano zuwa Zariya bai kai 200 ba. Ɗalibi zai bar gida da safe ya yi sallar magariba a makaranta, ya ci tuwo, ya yi ciniki da harshen uwarsa, ba biza ba rigar sanyi. Na san dangantaka ta yi tsami tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe iyaka, an yanke wuta, Nijar ta fice daga CEDEAO. Amma jiragen Max Air sun sha kwasar alhazanmu zuwa Saudiyya, ƴan kasuwar Damagaram ba su daina zuwa Kantin Kwari ba. Masu maganar dogaro da kai su dubi wannan da idon basira: biyan maƙwabci ya fi biyan Turai sauƙi, kuma abin da ake bukata shi ne hukumar jiragen sama ta Nijar, ANAC, da takwararta ta Najeriya su zauna su duba na'urar da manhajar, su amince da takardun juna. Najeriya ma riba ce gare ta, domin simileta da ke zaune ba ɗalibi asara take ci.

Sayen tamu simileta ta mataki na D a yanzu ban goyi baya ba. Jiragenmu ba su kai yawan da za su cika mata awanni ba, kuma na'ura ce mai son wutar da ba ta ɗaukewa da injiniyoyi dare da rana. Za ta zama wani ginin da aka yanke wa ƙyalle aka rufe. Abin da ya dace da aljihunmu shi ne yarjejeniya da Zariya, da ƙananan na'urori marasa motsi da hukuma ke amincewa da su don koyon tuƙi da agoguna, ɗaya a Yamai ɗaya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da kuma sharaɗi a cikin takardar cinikin duk jirgin da za a saya da kuɗin jama'a na yawan ƴan ƙasa da za a horar a kansa.

Na ƙasa kuwa ba sai an jira minista ba. Ƴan asalin Gure da Kelle da ke aiki a Yamai da Damagaram da matatar SORAZ, ku da kuke haɗa kuɗi ku gyara masallaci ku sayi tabarmi, wannan bai fi ƙarfinku ba. Kwamfuta uku, farantin sola da batir, ɗaki mai ƙofa da taga da ke tare ƙura, malamin lissafi ɗaya da za a ƙara wa ɗan abin sabulu, da wani tsohon ma'aikacin hasumiya da zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata. A bar ƴan mata su zauna a kujerar daidai da maza. A fara da lise ɗin Gure kafin a koma makaranta a watan Oktoba, sannan a kai ta biyu Kelle.